Gwajin Trovan a Kano: Mako Biyu a Asibitin Zana, Shekara Goma a Kotu

Bazarar 1996 tana cikin lokutan da Arewacin Najeriya ba zai manta da su ba. Tun a farkon shekarar cutar sanƙarau ta fara ɓulla jefi-jefi, kafin zafi ya kankama a watan Maris ta riga ta game birane da ƙauyuka. Alƙaluman da aka tattara bayan annobar ta lafa sun nuna cewa fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu yara. A Kano abin ya haɗu da ƙyanda da amai da gudawa, asibitoci suka cika suka batse. Girman annobar ya kai Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya zuwa aikin Hajjin wannan shekarar.

Sanƙarau ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Muna tsakiyar yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tasowa lokacin ƙura da zafi, ta kwanta idan damina ta sauka. Ƙwayar cutar tana shiga ta hanci da maƙogwaro, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin kwana ɗaya ko biyu sai a ji rasuwa. Ko da an samu magani, kusan ɗaya cikin goma na mutuwa, wasu daga cikin waɗanda suka tashi kuma su tashi da kurumta ko shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

A tsakiyar wannan hali ne kamfanin harhaɗa magunguna na Amurka, Pfizer, ya turo likitocinsa Kano su gwada wani sabon magani mai suna Trovan a jikin yara kusan 200. Gwajin bai wuce mako biyu ba, amma shari'ar da ya haifar ta ci shekara goma, ta ratsa kotunan Kano da Abuja da Niyok har zuwa ƙofar Kotun Ƙolin Amurka. An yi ta musu kan ko maganin ne ya kashe yaran ko cutar ce. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: wa ya ba da izini, wa ya sa ido, kuma shin iyayen yaran sun san gwaji ake yi?

Dokokin da masifa ta haifa

Kafin 1996 duniya ta daɗe da sanin ƙa'idar gwada magani a jikin ɗan Adam, domin ta koye ta da tsada. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an gurfanar da mutum 23, mafi yawansu likitocin gwamnatin Nazi, a birnin Nurembag na Jamus, saboda gwaje-gwajen da suka yi wa fursunoni. Hukuncin da aka yanke a 1947 ya zo da ƙa'idoji goma, ta farkonsu kuwa ita ce ba a gwada komai a jikin mutum sai da yardarsa, bayan an fahimtar da shi abin da za a yi. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta faɗaɗa wannan a Sanarwar Helsinki, daga baya aka ƙara mata sharaɗin cewa sai wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin gwaji kafin a fara. Idan yaro ne, izinin yana hannun iyayensa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karatun fiƙihu, don malamai tun da daɗewa sun shardanta ƙwarewa da kuma izinin mara lafiya ko waliyyinsa kafin likita ya kuɓuta daga lamuni.

Ita kanta Amurka sai da ta ji kunya a gida kafin ta gyara. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar ƙasar ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere a Tuskegee ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan an gano fenisilin na warkar da ita. Tonuwar asirin ce ta kawo dokar 1974 wadda ta ƙarfafa kwamitocin duba bincike. Haka dokokin magunguna suka samu: wani maganin ruwa mai guba ya kashe sama da mutum 100 a 1937, aka yi dokar 1938, maganin thalidomide ya sa aka haifi dubban jarirai da nakasa a Turai da wasu ƙasashe, aka yi dokar 1962 wadda ta tilasta wa kamfani ya tabbatar maganinsa na aiki kafin ya kai shi kasuwa.

Najeriya ma ta bi wannan hanya. A 1990 gurɓataccen maganin zazzaɓin yara ya kashe yara fiye da 100, akasari a yankunan Jos da Ibadan. Wannan na cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993, tare da dokar da ta hana gwada magani a ƙasar sai da izininta. Ke nan a 1996 doka tana nan a rubuce. Sai dai hukumar jaririya ce, ba kuɗi ba ma'aikata isassu, ƙasa kuma na hannun sojoji ƙarƙashin Janar Sani Abacha, duniya ta juya mata baya bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwambar 1995. Shekara guda kafin annobar Kano, an gano jabu a cikin allurar rigakafin sanƙarau da Najeriya ta ba Jamhuriyar Nijar gudummawa, bayan an riga an yi wa dubban mutane. Irin tsaron da ke kan harkar magani a yankin ke nan a lokacin. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Magani mai neman kasuwa

Trovan, wanda sunansa na kimiyya trovafloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da Pfizer ya ɗora wa babban buri. Masu nazarin kasuwar hannun jari sun yi hasashen zai iya kawo dala biliyan ɗaya a shekara. Kamfanin na shirin miƙa shi ga hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, kuma yana so a amince da shi a kan cututtuka da yawa gwargwadon iko, don kowace cuta da aka ƙara a takardar izini ƙarin kasuwa ce. Sanƙarau a jikin yara na cikin jerin, amma a Amurka ba a samun masu cutar da yawa a wuri guda da za a yi gwaji cikin sauri.

Wani likitan kamfanin, Scott Hopkins, ya ga labarin annobar Najeriya a intanet. Cikin kusan mako shida aka tsara gwaji, aka yi shatar jirgi, likitocin Amurka uku suka sauka Kano suka haɗu da likitocin gida huɗu. Abin da akan ɗauki wata da watanni ana shiryawa, an gama shi kafin annoba ta wuce. Hujjar kamfanin tana da ƙarfinta: maganin da ake sha ta baki zai fi allura sauƙin rabawa a ƙauyukan da ba ma'aikatan jinya, kuma an riga an gwada Trovan a jikin mutum kusan 5,000 a wasu ƙasashe. Amma akwai abin dubawa. Kusan dukansu manya ne. Dangin wannan magani an san suna lalata gaɓoɓin ƙananan dabbobi a ɗakin gwaji, shi ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da ba yara. Sannan yaron da ke amai ko ya suma, ba tabbas cikinsa zai tsotsi maganin da aka ɗura masa.

Mako biyu a Asibitin Zana

Wurin da aka yi gwajin shi ne asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda mutanen gari ke kira Asibitin Zana. A wannan harabar ce kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke ba da magani kyauta, tana amfani da allurar chloramphenicol wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita lokacin annoba. Uwa ta taho da ɗanta a goye, ta tarar da Turawa masu farar riga a nan, ta tarar da wasu a can. Babu yadda za ta bambance masu agaji da masu gwaji sai an gaya mata.

An raba yaran gida biyu. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar ceftriaxone, sanannen magani mai inganci, don a kwatanta. Bayan allurar farko sai aka rage adadin ceftriaxone zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Kamfanin ya ce an yi haka ne don rage wa yaran zafin allura, kuma abin da aka bayar ya isa ya kashe cutar. Masu ƙara suka ce an rage ne don Trovan ya fito da kyau a kwatance. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu sun tashi da kurumta, makanta, shanyewar jiki ko lalurar ƙwaƙwalwa.

Matsayin Pfizer bai taɓa canjawa ba: sanƙarau ce ta yi kisa da nakasa, kashi 94 cikin 100 na yaran da suka sha Trovan sun rayu, adadin da ya ce ya fi na sauran masu jinya a asibitin, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun karɓi yardarsu da baki. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba wanda ya ce suna da ikon ƙi, ba wanda ya nuna musu cewa ga magani tabbatacce kyauta a 'yan taku kaɗan. Kamfanin bai iya fito da takardun yarda masu sa hannu ko dangwalen yatsa ba.

A cikin bayanan gwajin akwai wata yarinya 'yar shekara goma, wadda aka sani da lamba 6587-0069. An ba ta Trovan, jikinta ya ci gaba da tsananta, ba a canja mata magani ba har ta cika bayan kwana uku. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa da an canja da ta rayu. Amma a ƙa'idar gwaji, idan mara lafiya na ƙara rikicewa a kan maganin da ba a tabbatar da shi ba, ana mayar da shi kan wanda aka sani. Ranar da bukatar bincike ta ci karo da bukatar mara lafiya, ta mara lafiya ce gaba.

Ba kowa ne ya yi shiru ba. Farfesa Idris Mohammed, wanda ya jagoranci kwamitin gwamnatin tarayya na yaƙi da annobar, ya nemi a nuna masa takardun izini, ya kuma yi ƙoƙarin tsayar da gwajin. A cikin kamfanin ma wani ƙwararren likitan cututtukan yara, Juan Walterspiel, ya rubuta wa shugaban Pfizer na lokacin, William Steere, yana nuna damuwarsa kan yadda aka gudanar da aikin. Daga baya aka sallame shi. Kamfanin ya ce ya bincika zarge-zargensa bai same su da tushe ba. Bayan kusan mako biyu tawagar ta tattara kayanta ta koma, annoba kuwa tana ci gaba da ci.

Wasiƙar da aka mayar wa kwanan wata baya

A Disambar 1997 FDA ta amince da Trovan a kan cututtuka 14 na manya. Sanƙarau ta yara ba ta ciki, don kamfanin ya janye wannan buƙatar bayan masu binciken hukumar sun ga kurakurai a bayanan Kano. Maganin ya shiga kasuwa a 1998 ya samu karɓuwa sosai. Ba a jima ba rahotannin lalacewar hanta suka fara shigowa, fiye da 100, wasu har da rasa rai. A Yunin 1999 FDA ta taƙaita amfani da shi ga masu tsananin ciwo a asibiti, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shi. A Amurka da Turai, inda ake da tsarin kai rahoto da hukuma mai haƙora, an taka wa maganin birki cikin shekara ɗaya da rabi. A Kano jama'a ba su ma san abin da ya faru ba.

Sai a Disambar 2000 jaridar Washington Post ta buga binciken ɗan jarida Joe Stephens, a cikin jerin rahotanni kan yadda kamfanoni ke kai gwajin magunguna ƙasashen matalauta. Nan ne Najeriya ta ji labarin abin da aka yi a cikin gidanta shekara huɗu da suka wuce. Bayan haka wani abu mafi muni ya fito. Takardar da aka miƙa wa FDA a matsayin amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai kwanan watan Maris 1996, ba a lokacin aka rubuta ta ba. Shugaban asibitin ya tabbatar cewa a wancan lokacin ba su da irin wannan kwamiti. Likitan Najeriyar da aka sa a matsayin jagoran gwajin ya amsa cewa mai yiwuwa an rubuta ta ne kusan shekara guda bayan an gama, lokacin da aka nemi takardar. Pfizer ya yarda cewa wasiƙar ba daidai take ba.

Wannan wasiƙa ita ce zuciyar labarin. Duk tsarin da duniya ta gina tun daga Nurembag ya dogara ne kan mutum na uku, wanda ba shi da riba a cikin gwajin, ya duba ya ce a yi ko a bari. A Kano ba a samu wannan mutumin ba. Hukumar Amurka tana can nesa tana jiran takarda, hukumar gida ba ta a wurin, sai takarda ta maye gurbin sa ido. Kuma hannun ɗan gida ne ya rubuta ta. Duk wanda ya ba da wannan tarihi ya tsaya ga laifin baƙo kaɗai, ya faɗi rabi ya bar rabi.

A farkon 2001 ministan lafiya Tim Menakaya ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi. Kwamitin ya kammala aikinsa, ya yanke cewa gwajin haramtacce ne, na maganin da ba a yi wa rajista ba, kuma ya saɓa wa dokar Najeriya da Sanarwar Helsinki da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara. Ya ba da shawarar a hukunta kamfanin, a biya diyya. Kamfanin ya dage cewa yana da amincewar gwamnati, har da takardar NAFDAC ta shigo da maganin. Kwamitin bai ga shaidar izinin yin gwajin kansa ba. Sai rahoton ya yi ɓatan dabo. Shekara biyar yana kulle a ofisoshin gwamnatin farar hula, sai a Mayun 2006 wani ya tsegunta shi ga Washington Post. Sau biyu ke nan 'yan Najeriya na jin gaskiyar abin da ya shafi 'ya'yansu daga jaridar wata ƙasa.

Daga kotu zuwa kotu

Iyalai sun fara neman haƙƙinsu a 2001. Ƙarar da aka shigar a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yi ta shan ɗagewa. An cire alƙali ɗaya, wani ya janye kansa, har masu ƙara suka gaji suka janye a 2003. A Niyok kuwa wasu iyalan sun shigar da ƙarar da aka sani da Abdullahi da Pfizer, suna dogaro da wata tsohuwar dokar Amurka ta 1789 wadda ta ba baƙo damar kai ƙara kan abin da ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Lauyoyin kamfanin suka ce Najeriya ce wurin da ya dace a yi shari'ar. Kotun farko ta kori ƙarar a 2002, ta sake korarta a 2005.

A Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, alƙalai biyu suka rinjayi ɗaya. Ta ce hana gwajin magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya zama ƙa'idar da duniya ta haɗu a kai, don haka kotun Amurka na iya sauraron ƙarar. Wannan hukunci ne mai tarihi, ana karantar da shi a makarantun lauyoyi, kuma sunan wani gida na Kano ne a kansa. Sai dai kotun ba ta ce Pfizer ya aikata abin da ake zarginsa ba. Cewa ta yi zargin ya cancanci a saurare shi. Kamfanin ya garzaya Kotun Ƙoli, ita kuma ta ƙi karɓar ƙarar a Yunin 2010.

A gida, fitowar rahoton Nasidi ta tayar da gwamnatoci daga barci. A 2007 gwamnatin Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta shigar da ƙarar laifi da ta neman diyyar fiye da dala biliyan biyu, gwamnatin tarayya kuma ta nemi kusan biliyan bakwai. A Yulin 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda aka yi gwajin da su, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Kamfanin bai amsa laifi ba. Gwamnatin tarayya ta janye nata ƙararrakin a wannan shekarar. A Disambar 2010 jaridar Guardian ta Ingila ta buga wata wasiƙar sirri ta ofishin jakadancin Amurka, cikin waɗanda WikiLeaks ta fallasa, inda aka ruwaito manajan Pfizer a Najeriya yana cewa kamfanin ya ɗauki masu bincike su tono zargin cin hanci a kan ministan shari'a Michael Aondoakaa don a matsa masa ya janye ƙara. Pfizer ya musanta. A farkon 2011 aka sasanta ƙararrakin Amurka su ma, bisa sharuɗɗan da ba a bayyana ba.

Rabon diyyar ya zo da nasa ciwon. Mutum fiye da 500 suka fito suna cewa da su aka yi gwajin da bai wuce na yara 200 ba, sai kwamitin amintattu ya shardanta gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. Wasu iyalai suka ƙi, suna cewa ba za su sake miƙa jikinsu ga abin da ba su gane ba. Kowane ɓangare na da hujja, amma tushen rikicin ɗaya ne: da an rubuta sunaye da adireshi da takardun yarda yadda ya kamata a 1996, da ba a bukaci tantancewa da yawu ba bayan shekara goma sha biyar. A Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Daga kason ayyukan lafiya aka gina cibiyar Kwanar Dawaki, wadda aka killace masu cutar korona a cikinta a 2020.

Abin lura shi ne, duk tsawon wannan tafiya babu kotun da ta zauna ta saurari shaidu ta yanke abin da ya faru a Asibitin Zana. An biya kuɗi, an rufe fayil. Sulhu alheri ne, kuma iyalan da suka tsufa suna jira ba za a zarge su don sun karɓa ba. Amma jama'a sun rasa hukuncin da zai ce wane ya yi daidai, wane ya yi kuskure, wanda jami'in gobe zai ji tsoronsa.

Bashin da yara suka biya

Asarar da ba ta shiga lissafin diyya ba ita ce ta amana. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna na ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, Kano ta yi kusan shekara guda kafin ta dawo a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Zargin ba shi da tushe, gwaje-gwaje sun nuna haka. Dalilan da suka sa aka yarda da shi suna da yawa: siyasar lokacin, yaƙin Iraƙi, da mamakin talaka da ake bi gida-gida a ba shi ɗigon baki kyauta alhali asibitin garinsu ba ko maganin zazzaɓi. Amma duk wanda ya so kafa hujja sai ya ce a tuna da Trovan, ma'aikacin lafiya kuma ya rasa amsa. Ƙwayar shan inna ta fita daga Arewa ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunusiya. Wani bincike na masana tattalin arziki biyu, Belinda Archibong da Francis Annan, ya gano cewa bayan fallasar shekarar 2000 rigakafin yara ya ragu a tsakanin iyaye mata Musulmi. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru ba su san Pfizer ba, ba su cikin jerin masu diyya. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Inda aka kwana

An samu gyara. Najeriya ta kafa kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, ta fitar da kundin ƙa'idoji a 2007, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta rubutacciyar yarda kafin a yi bincike a jikin mutum. Asibitocin koyarwa yanzu suna da kwamitocinsu. A waje kuwa ƙofa rufewa take yi. A 2008 FDA ta daina shardanta bin Sanarwar Helsinki ga gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen waje, ta koma kan wasu ƙa'idoji da hukumomi da kamfanonin magunguna na ƙasashe masu arziki suka tsara tare. A 2013, a shari'ar Kiobel wadda 'yan Ogoni suka kai kamfanin Shell, Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita amfani da dokar 1789 kan abin da ya faru a wata ƙasa. Hanyar da iyalan Kano suka bi zuwa Niyok ta ƙuntata ƙwarai. Wanda aka zalunta gobe, a gida zai nemi haƙƙinsa.

Darasin ba shi ne a kori bincike ba. Yankin da sanƙarau ke kashe wa 'ya'ya shi ya fi kowa bukatar sabon magani, kuma ba a samun magani sai da gwaji. Shaida tana kusa. Bayan annobar 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka haɗa hannu da kamfanin Serum Institute na Indiya aka ƙera allurar MenAfriVac. An gwada ta mataki-mataki tsawon shekaru a Indiya da Mali da Gambiya da wasu ƙasashe, da sanin hukumomi da yardar iyaye, aka tsayar da farashinta ƙasa da rabin dala. An fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta bi a 2011, nau'in sanƙarau da ya yi ɓarnar 1996 ya kusa ɓacewa. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar. Nan ma kamfani ne, nan ma akwai ciniki. Bambancin shi ne bukatar jama'a ce ta tsara aikin, kuma akwai masu sa ido tun daga farko.

Kamfani zai nemi riba, wannan ɗabi'arsa ce, kuma ba a gina lafiyar al'umma a kan fatan ya ji tausayi. Abin da ke wuyanmu a bayyane yake. Hukumar da ke ba da izini ta samu kuɗi da ma'aikatan da za ta je wurin gwaji da ƙafarta, ba ta zauna jiran takarda ba. Kwamitin ɗa'a ya ƙunshi mutanen da albashinsu da ƙarin girmansu ba su rataya ga mai gwajin ba. A yi wa uwa bayani da harshenta, a gaban shaida, a gaya mata ƙarara cewa gwaji ne kuma in ta ƙi ba za a hana ɗanta magani ba. Rahoton da aka yi da kuɗin jama'a a buga shi jama'a su gani. Lokacin annoba kuma, da ake cewa ba lokacin bin ƙa'ida ba ne, shi ne lokacin da ƙa'ida ta fi wajaba, domin mahaifin da ɗansa ke shure-shure a hannunsa zai yarda da duk abin da aka ce masa, kuma saboda irinsa aka yi dokar.